Lallen Safina Mai Takaba

An sayar da dariyar Safina tana cikin takaba, aka ce wa masu saye ta ranar ce. Wannan ƙaryar ta raba ta da ɗakinta da ɗiyanta.

Safina ƴar ƙanwar uwata ce, a Gidan Sori take aure. Lalle ne sana'arta. Ni aka kai lakol, wato makarantar boko, har kwalej, ita aka bar ta wajen kakarmu, can ta koyi kwaɓi da zane. Daga Gidan Sori har Sae Sabuwa, in an sa ranar biki sai an aiko mata da babur. Tana zane tana tsokanar amarya, har mai kuka ta fashe da dariya ta ɓata ƙunshi, a sake. Mijinta Tahiru mai amalanke ne, yana kai hatsi kasuwar Gidan Rumji. Ɗiyansu biyu, Munira da Ashiru.

Bara da rani wani saurayi ɗan Maraɗi, Haisam, ya ga aikinta wajen biki. Yana da zauren mata a salula, wanda sai mace ta biya duk wata ake tura mata bidiyon kwalliya da girki. Ya nemi izinin Tahiru ya ɗauki Safina bidiyo tana lalle, Tahiru ya yarda. Haisam ya zo da ƙanwarsa suka yi ta ɗauka, Safina ta sha kwalli, hannu ya yi jajir. In an gama ɗaya sai ya ce ta canza zani da kallabi, don kada a gane rana ɗaya aka yi. Ita abin dariya ya ba ta. Ya sallame ta, ya tafi da tarin bidiyo.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Tahiru, bai tashi ba. Safina ta shiga takaba kamar yadda ake yi: ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita. Ni na zauna da ita, na ga tafin hannunta ya koɗe fari fat.

Shi kuwa Haisam bai fasa ba. Duk mako sai ya saki ɗaya, ya ɗora muryarsa a farko: “Sabo fil! Na yau daga Gidan Sori!” Wata ɗiyar Baƙo, yayan Tahiru, da ke aure a Tibiri tana cikin masu biya. Ita ta turo wa ubanta.

Baƙo ya shigo gidan da salula a hannu. Na tare shi, na ce, “Yaya Baƙo, wannan tsohon ɗauka ne, tun Tahiru na da rai. Dubi hannunta mana!”

Ya ce, “Ke ƴar lakol, mi za ki hwaɗa min? Hannu ana wanke shi. Kunnena ya ji yaron ga ya ce na yau ne. Ƙanena kwance cikin ƙasa, ita tana washe wa duniya haƙora!”

Safina daga ɗaki ta ce, “Yaya, wallahi ƙafata ba ta taka zaure ba.” Bai ko waiwaya ba. Kafin la'asar ya sa an ɗora kayanta a amalanken mijin nata, ya ce ta ƙarasa takaba gidan ubanta. Yaran ya riƙe.

Na kira Haisam, na faɗa masa rasuwar Tahiru da abin da ya faru. Ya ce, “Allah ya jiƙan sa, Tanti, ban ji ba.” Na ce to yanzu ka ji, ka fito ka faɗi gaskiya. Ya ce, “Tanti, kasuwa ce fa. In na ce tsoho ne, matan nan ficewa za su yi.” Na ce, “Kai yaro, uwarka ce za ka yi mata haka?” Ya kashe salula. Mako na zagayowa ya saki wani.

Takaba ta ƙare tuni. Safina tana gidan ubanta, tana yi wa mutane surfe. An aiko babur sau da yawa, ta ce a nemi wata. Munira ta taɓa satar hanya ta zo, aka biyo ta da bulala. Mace mai hannu irin wannan, ga ta nan tana ramewa bakin turmi, mu kuma muna kallo.

Haisam, ka sauke bidiyon nan duka. Ka faɗa wa matan zaurenka, da muryar nan taka, ranar da ka ɗauke su. Sannan ka hau mota ka zo Gidan Sori, ka tsaya gaban Baƙo da liman da mai gari ka maimaita. Kai kuma Baƙo, in ka ji, ka maida wa Safina ɗiyanta.