Mukhtari Mai Faci da Farar Ungulu

A Illela, in ka ce za ka tsallaka iyaka don kawai ka kalli wani abu ka dawo, ɗayan biyu za a ɗauke ka: maƙaryaci ko mai taɓin hankali. Yayana Mukhtari an daɗe da haɗa masa duka biyun.

Shekara ashirin da 'yan kai yana zaune gindin dogon yaro a bakin hanyar Kwanni yana facin tayoyin babura. Aikinsa ba laifi. Aibinsa ɗaya, tsuntsaye. Za ka kawo taya kana sauri, ya tsoma tub a ruwa yana neman huji, sai wani abu ya yi kuka a saman bishiya. Shi ke nan, hannu a ruwa, ido a sama, kai kuma ka tsaya kana cin rana. Yana da madubin hangen nesa da ya samo wajen 'yan gwangwan, gilashi ɗaya a fashe. Ranar da mutanen kirki ke zuwa ɗaurin aure, shi tafkin Kalmalo yake tafiya leƙen agwagin da ba zai ci ba.

Wani makiyayi, Jaɓɓo, shi ya ƙarasa lalata mana shi. Ya ce a ƙasar Adar, can bayan Tawa, akwai wani dutse mai tsayi inda farar ungulu mai rawayar fuska ke sheƙa. Da hantsi suke tashi in dutsen ya ɗau zafi, kafin azahar sun ɓace a sama. Mahaifinmu mahauci ne, mun tashi ungulu na cika mahauta har sai an kora da sanda. Yau ko ɗaya babu a garin nan, kuma ban ga wanda ya yi kewarsu ba sai Mukhtari.

Shekara huɗu yana shirin tafiyar nan da baki. Abin da ya sa ya tashi da gaske kuwa, ni kaɗai na sani, don ni na raka shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana rufewa daga gefe. Maganin ɗigawa jinkiri kawai zai kawo. Da muka fito, sai ya ɗaga madubinsa yana dariya.

"Kin gani, Iklima? Ni da shi mun zama daidai, ido guda guda. Bari in tahi in gano su tun ina iyawa."

Shiri ya yi kyau a takardar buhun siminti da ya zana. Attahiru ɗan kabu-kabu ya ara masa babur mai ƙarfi, da alkawarin zai dawo da shi ran Lahadi kafin magariba, don dai Mukhtari ba ya ganin hanya in rana ta faɗi. Tsarin shi ne ya tashi Jumma'a bayan masallaci, ya kwana Tawa, Asabar ya isa gindin dutse, Lahadi da hantsi ya kalli abinsa, ya juyo.

Sai ya yi kuskuren da duk ɗan mutunci ke yi a garin nan: ya zaga sallama.

Mu fa ba ma barin mutum ya tsallaka iyaka da babur fayau. Haram ne a wajenmu, ko da malamai ba su faɗa ba. Liman ya ba shi littattafai ya kai wa wani almuhajiri a Tsarnawa. Matar Attahiru ta kawo jarkar manja a kai Malbaza, kuma wa zai ce a'a ga matar mai babur? Goggo Yari ta kawo ƙullin magani da zakara mai rai. Alhaji Abu ɗan canji kuwa jan shi gefe ya yi.

"Mukhtari, hwaɗa mani tsakani da Allah, mi za ka ɗauko? Ni ba ni tona ma asiri."

"Ungulu za ni kallo, Alhaji."

"To, to. Allah shi ba da sa'a. In ta yi kyau ka tuna da mu."

Har yau Alhaji ya yi imanin wata sabuwar haja ce.

Ni kuma, 'yar uwarsa ta ciki ɗaya, wadda ta ji bakin likita da kunnenta, na yi masa tausayi sosai. Saboda haka nawa saƙon ba shi da nauyi: zannuwa uku da daddawa, zuwa ga ɗiyata Humaira da ta haihu a wani ƙauye gabas da Tawa.

"Yaya, ai kan hanya ta."

Ba kan hanya ba ne, kuma na sani. Ya dubi ƙullin, ya dube ni da wannan ido ɗayan, ya ce, "Kawo."

Wanda bai taɓa kai saƙo ba ya ɗauka ajiyewa ake yi a wuce. Ina! Sai an shimfiɗa tabarma, an tambayi lafiyar kowa har da awaki, an dama fura, an riƙe ka don tuwo ya kusa, sannan a ba ka wani saƙon ka mayar. Jumma'a ta ƙare masa a Malbaza. Asabar zakaran Goggo ya kwance ya shiga gonar albasa, aka yi rabin yini ana farauta. Safiyar Lahadi, lokacin da ungulu ke buɗe fiffike a kan dutse, Mukhtari na zaune a zauren surukan Humaira an ɗora masa jinjiri a cinya, ana jiran ya yi addu'a ya kuma ci naman rago.

Ya isa dutsen da azahar. Sama wayam. Abin da ya samu sai farin kashinsu da ya zubo a jikin dutsen. Ya ce ya kafa madubi ya kalli kashin nan sosai, sannan ya hau babur don ya cika alkawarin Attahiru.

Ya shigo gari da kaya fiye da waɗanda ya fita da su. Kowa ya yaba: Mukhtari akwai amana! Ni ya miƙo mani cuku daga Humaira, ya ce, "Saƙonki ya isa lahiya." Ya wuce mayar wa Attahiru baburinsa, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Ya ce zai koma bayan damina. Kafin nan aka rufe iyaka. Masu ido biyu suka ci gaba da ratsa daji, shi kuwa ba hali. Da aka buɗe, idon dama ya gama rufewa.

Yanzu da lalube yake faci, yatsunsa na jin huji kafin ruwa ya nuna. Tsuntsu na yin kuka zai faɗa maka sunansa, kuma har yau sai ya ɗaga kai.

Makon jiya na kai masa abinci, na ce Humaira ta sake haihuwa, zan je in gano ta. Ya laluba ƙarƙashin benci ya ciro madubin, ya goge shi da bakin riga.

"To ni ma ga saƙona. Ki hau dutsen nan da hantsi, ki gano mani su, ki zo ki hwaɗa mani yadda suke. Ai kan hanya ta."

Jumma'ar nan zan tashi. Ban yi wa kowa sallama ba.