Tef ɗin Awon Malam Iliya

Rabi, daren jiya wani mafarki na yi da ya hana ni karin kumallo. Malam Iliya na gani, malaminmu na wasannin jifa a sakandare, wanda ya rasu bayan babbar sallah. Kin tuna shi ne ya taka har shagon Baba, ya zauna kan buhun gero yana roƙo a bar ni in yi jifan dalma, ƙwallon ƙarfen nan mai nauyi, lokacin da ake cewa a gidanmu wannan ba aikin mace ba ne.

A mafarkin wai la'asar ce, ina tsaye a filin makarantarmu, amma ciyawa ta kai min ƙugu, ajujuwan kuma babu mai ƙofa. Ga Malam a durƙushe yana zana da'irar jifa da toka, sanye da shuɗin wandon nan nasa mai faci a gwiwa. Duk inda ya zana sai yayyafi ya wanke, ya koma ya sake.

Na ce, "Malam, ba an ce ka rasu ba?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Cewa ya yi, "Bahaguwa, kin makara. Ɗaga gwiwar hannunki."

Sai kawai na ji sanyin dalma a wuyana, ƙarƙashin haɓa. Kin san tun da na faɗo daga babur ko bokiti kafaɗar nan ba ta ɗagawa, amma na juya na jefa kamar ina 'yar shekara sha shida. Dalmar ba ta faɗo ba. Ta yi ta tafiya ƙasa-ƙasa har ta tsallake katanga.

Sai kawai filin ya zama tashar mota. Wasu 'yan mata da kayan makarantarmu na zaune a benci, ban san ko ɗaya ba, kowacce ta buɗe tafin hannu a cinya. Malam yana kiran sunayenmu, naki, nawa, na marigayiya Asabe mai jifan mashi.

Ya matso ya damƙa min bakin tef ɗinsa na awo. Hannunsa duk ya rame. Ya ce, "Riƙe nan, in je in ga inda ta sauka." Ya bi bayan dalmar, tef na ta warwarewa. Ya ratsa motoci, ya shiga wata gonar dawa, har na daina hango farar hularsa. Tef ɗin dai bai daina motsi a hannuna ba. 'Yan matan nan duk suka juyo suna kallona. Ina kiran, "Malam, ka dawo, ban san me zan ce musu ba!"

Na farka hannuna na hagu a dunƙule, matashina ya jiƙe.

Abin da ban faɗa miki ba, makon jiya shugabar makarantar ta kira ni. Ta ce tun rasuwarsa babu mai koyar da jifa, in ba a samu wani ba za a fasa simintin da'irar a yi wurin ajiye motoci. Ta tambaya ko zan riƙa zuwa ran Asabar ina koya wa yaran. Ban ba ta amsa ba.

Don Allah, Rabi, ke me kika gani? Addu'a yake nema a wurina, ko yaran nan yake bar min?