Ribas, Direban Alƙalan Wasa

Shekarun da ya yi yana kai alƙalan wasa filayen ƙwallo sun isa a haifi yaro har ya yi gemu, amma bai taɓa ganin ƙarshen wasa da idonsa ba. Ribas ake ce masa, domin ko a ƙofar gidansa ba ya ajiye mota sai ya juya ta da baya, hancinta na kallon hanya. Siririn mutum ne mai dogon wuya, maganarsa ƙasa-ƙasa, kuma duk ɗakin da ya shiga ƙofa yake fara nema kafin wurin zama.

Motar ƙaramar bas ce fara, babu rubutu ko tambari a jikinta, shi ya hana a yi mata. Aikinsa ya ɗauki alƙali da masu tuta biyu ya kai su garin da aka tura su, ya dawo da su. Kai su ba wuya. Da sun isa sai ya zagaya bayan fili ya nemo ƙaramar ƙofar da ke kusa da ɗakin canza kaya, ya cusa hancin motar a cikinta yadda babu mai iya rufe ta. Jakunkunan alƙalan suna komawa mota tun kafin a take wasa. A ƙasan kujerun baya akwai tsohon tamfol da tabarmi, ba wanda ya taɓa tambayarsa amfaninsu. In an dawo daga hutun rabin lokaci sai ya tada inji ya bar shi yana aiki, saboda motar tana da hali ɗaya: in ta yi zafi aka kashe ta, ba ta tashi sai da turi.

Daga nan da kunne yake kallon wasa. Ya san ihun murna, mai tashi sama gaba ɗaya kamar garken tsuntsaye. Ya san gunagunin da ke bin ƙasa. Abin da ya fi tsoro shi ne shiru.

Mai tuta ɗaya cikin biyun ƙaninsa ne, Auta, malamin makaranta a sauran ranakun mako. Ribas ne ya goya shi, shi ya raka shi makaranta ranar farko. Mahaifiyarsu, Inna, idonta ya tafi amma kunnenta na nan, rediyo ba ya barin gefen tabarmarta. Duk ranar wasa sai ta kama hannun Ribas a bakin ɗakinta.

"Babba, yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo mini da shi."

"Inna, gardi ne fa, ba ƙwai ba," in ji Auta yana dariya.

"Ba da kai nake ba, mai kunnen ƙashi."

Kakar wasan da nake magana a kai, tsofaffin 'yan kallo har yau ba sa son tuna ta. Shekarar ce aka ce ƙungiyoyi da yawa za su faɗa rukuni na biyu domin a rage gasar, sai kowane fili ya zama ramin kura. Da wuya baƙo ya ci wasa a gidan wani. Kofin ƙalubale ma wata ƙaramar ƙungiya ce ta ɗauke shi, bayan an sake wasan kusa da na ƙarshe a filin da babu ɗan kallo ko ɗaya. An karya wa wani alƙali haƙarƙari. Wani mai tuta ya dawo gida kunnensa ɗaya ba ya ji. Inna tana jin duk wannan a rediyo, riƙon da take wa hannun Ribas kullum ƙara ƙarfi yake.

Ranar rufe gasa aka tura su garin masaƙa. An rufe masaƙar tun bara, ƙungiyar ƙwallonta kawai ta rage wa mutanen garin, ita ma tana bakin rami. In ta ci ta tsira, in aka yi canjaras ta faɗi.

A hanya alƙalin, mutum mai ƙiba da son raha, ya daki bayan kujerar direba.

"Ribas, yau dai ka shigo ka ga yadda ake ƙarasa wasa. Za ka tsufa ba ka san ƙwallo tana da ƙarshe ba."

"Ranka ya daɗe, in na shigo wa zai kwashe ku?"

"Ƙyale Yaya," in ji Auta. "Ko Aljanna aka sa shi sai ya tambayi ina ƙofar baya."

Aka yi dariya, har da shi. Amma da suka shiga garin dariyar ta kwanta. Shaguna a rufe, mutane a kan katanga, a kan bishiya, a kan rufin ɗakunan da ke leƙen fili, kuma babu mai waƙa. Motar suke bi da ido har ta wuce.

Ya sami ƙofarsa, ya cusa hancin motar, ya zauna. Tsakar gidan bayan fili ƙarama ce: tankin ruwa mai ɗiga, tarin karyayyun kujeru, da ƙofar ƙarfe mai shiga ɗakin alƙalai. Rabin lokaci ya zo ya wuce ba ci. Ya tada inji. Rana ta karkata, inuwar katanga ta hau gilashin gaba, allurar zafin inji tana hawa a hankali. Daga cikin fili gunaguni ne kawai, mai nauyi, irin na hadarin da ya ƙi zuba.

Sai ihu ya tashi.

Ya san shi. Shi ne mai tashi sama gaba ɗaya, har kwanon rufin ɗakin alƙalai ya ɗauki rawa. Masu gida sun ci, kuma wasa ya zo ƙarshe. Yau ba duka, ba jifa, ƙila ma a ɗaga alƙali sama. Wani abu da ya ɗaure masa ƙirji tun farkon kaka ya kwance. Ya dubi allurar da ta kusa taɓa ja, ya tausaya wa motar, ya murɗa makulli ya kashe ta. Ya ce a ransa, bari yau ɗaya in ga yaron nan a bakin aikinsa.

Ya taka zuwa wata tsaga a jikin kwanon da ya kewaye fili, ya sa ido.

Ƙwallo tana cikin raga. 'Yan wasa sun taru sun danne juna don murna. Can a bakin layi kuwa, Auta yana tsaye cak, hannunsa a sama, tuta a miƙe, iska na kaɗa ta. Satar gida. Bai sauke ba. Alƙalin ya dube shi, ya sa usur a baki, ya soke cin.

Ihun bai tsaya lokaci ɗaya ba. Ya riƙa mutuwa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar ana kashe fitilun gida ɗaki bayan ɗaki, har shirun ya iso inda Ribas yake. Sai wayar da ta raba 'yan kallo da fili ta fara kwanciya.

Bai san yadda ya koma mota ba. Ya murɗa makulli. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake. Ta yi wani ɗan kuka kamar akuyar da aka shaƙe. Ya kira sunan Allah, ya kira Inna, ya sake murɗawa. Ba komai.

Ƙofar ƙarfe ta buɗe, mutum uku cikin baƙaƙen kaya suka faɗo, wani ɗan sanda ya ja ta ya rufe daga ciki. Goshin Auta na zubar da jini.

"Yaya, ja mu tafi!"

"Ta mutu. Ku kwanta ƙasa. Ƙasan kujera, maza!"

"Ta mutu kamar yaya?" in ji alƙalin.

"Ranka ya daɗe, kwanta!"

Ya ja tamfol ya rufe su, ya watsa tabarmi a kai, ya tura bakin tutar da ya leƙo da ƙafarsa. Yana komawa kujerarsa na farkon 'yan kallon suka diro ta katanga. Nan da nan tsakar gidan ta cika da mutane, da sanduna, da ƙafafun kujeru. Suka doki ƙofar ƙarfe, ɗan sandan ya yi ta rantsuwa daga ciki cewa sun fita. Sai wani ya hangi ƙofar baya a buɗe, mota ta toshe ta.

"Ta nan suka bi! Sun fita a ƙafa!"

Wani ƙato, idonsa jajir, hawaye na bin kumatunsa, ya cusa kai ta taga. Ribas yana jin numfashinsa a kunci. Motar kuwa warin man zafin da alƙalai ke shafawa a ƙafa take yi.

"Baba, me ka ɗauko?"

"Tabarmin masu sayar da ruwa ne, ɗana."

"Ka ga inda suka bi?"

"Ni da nake fama da wannan? Tun ɗazu ta ƙi tashi."

Ƙaton ya dubi bayan motar. Tamfol ɗin bai motsa ba. Ribas ya kafa ido a kan allurar zafi, yana roƙon kada alƙalin mai ƙiba ya yi tari.

"Dalla cire mana wannan akwalar daga hanya!" wani ya yi tsawa daga baya.

"To ku tura, 'ya'yana. Ni ma na gaji da ita."

Suka tura. Hannuwan da suka zo karya ƙaninsa su suka dafa motar ta ko'ina, ta fice daga ƙofar kamar takarda. Ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci. Ta yi tsalle, ta yi tari, ta kama.

"Allah ya yi muku albarka!" ya ce ta taga, muryarsa ba tasa ba.

Bai taka da ƙarfi ba. Ya bi titin a hankali kamar mai tabarmi, mutane na wuce shi a guje suna leƙa lunguna, har sai da dogon bututun hayaƙin masaƙa ya ɓace a madubi.

Sai da suka yi nisa mutum ukun suka fito daga ƙarƙashin tamfol. Alƙalin ya ɗaure wa Auta goshi da ƙyalle.

Sun isa gida bayan sallar isha'i. Inna tana tsaye a bakin ƙofar gida, rediyon a hannunta, ita da ta daɗe ba ta fito waje ba. Ta shafa fuskar Auta daga haɓa zuwa sama, yatsunta suka tsaya a kan ƙyallen da aka ɗaure masa goshi.

"Ba haka na ba ka shi ba, Babba."

"Ba haka kika ba ni shi ba, Inna."

Ta nemo hannunsa ta riƙe. Can ta karkata kai wajen titi.

"Motarka fa tana ta aiki. Ba za ka kashe ta ba?"

Ya je ya tsaya a bakin tagar motar, ya sa hannu a kan makullin. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun, ya zauna a kan dakali kusa da ita, ya bar ta tana aiki har mai ya ƙare.