Kafinta da Ƙofar Ɗakin Inna

Duk wanda ya taɓa zaman haya a gidan Baba Kafinta zai gaya maka abu biyu: ƙofofin gidan ba sa ƙara, mai gidan kuma ba ya magana biyu. Shi ya gina gidan, sashe bayan sashe, da abin da zarto da guduma suka samar masa tun yana saurayi. Sassa uku ne. Yana cikin na gaba shi da matarsa, sauran biyun ya sa haya. Magina ne suka ɗora bulo, amma duk wani katako da ke gidan, daga na rufi har sandar shanya, aikin hannunsa ne.

Yanzu ya tsufa, ya bar shago, sai dai tef ɗin awo bai bar aljihunsa ba, fensir ma bai sauka daga bayan kunnensa ba. Ko dubiyar mara lafiya ya je, sai ka ga ya ƙura wa ƙafar gado ido yana girgiza kai. Matarsa takan ce ranar da za a kai shi makwancinsa ma sai ya leƙo ya ce makarar ta karkace. Yana da zafin rai, wannan kowa ya sani, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ce masa "sai gobe". Dokarsa da 'yan haya ba ta da tsawo. Ba ya shiga sashen mutum sai da dalili, kuma in ka ce za ka tashi, to ka tashi.

A sashen baya akwai Direba, da matarsa, da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Inna. Sun daɗe a gidan, ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Da kamfanin da yake tuƙa wa mota ya mayar da garejinsa can ƙarshen gari, Direba ya sami gida kusa da wurin, ya zo da ƙafarsa ya ba da notis, ya ce ƙarshen wata zai tashi.

"Ka tabbata?" in ji Kafinta.

"Na tabbata, Baba. Har makulli na karɓa."

A kan wannan magana Kafinta ya yi wa wata malamar asibiti alkawarin sashen. Mace ce mai yara biyu, ita kaɗai ke riƙe da su. Ta tambaye shi ko ta saki ɗakin da take ciki, ya ce ta saki, maganarsa ce. Ta saki, aka ba wani.

Wata ya ƙare, Direba ko cokali bai fitar ba. Da farko ya ce fentin sabon gidan bai bushe ba. Sai ya ce bai sami motar kwasar kaya ba, shi da yake direba! Daga nan ya shiga wasan ɓuya, in ya hango Kafinta a ƙofar gida sai ya kanga waya a kunne, ya wuce yana faɗa da mutumin da babu shi.

Rannan malamar asibiti ta biyo daga wurin aiki, ko kayan aikin ba ta cire ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ƙi zama.

"Baba, ni ba rigima na zo yi ba. A falon yayata muke kwana ni da yara, mijinta har ya daina amsa gaisuwata. Kayana suna jibge a baranda, jiya ruwa ya jiƙa min katifa. Ka ce in saki, na saki."

Kunya ta rufe Kafinta. Tun da yake, ba a taɓa tsayawa a gabansa an maimaita masa maganarsa ba. Ya ce mata ta ƙara haƙuri, sashen nata ne, babu abin da ya canza. Tana fita ya shiga zagaye tsakar gida yana huci.

Mai shagon da ke kallon gidan, wanda ba a rasa shawara a bakinsa ko ba a tambaye shi ba, ya kira shi.

"Kai ma ka cika sanyi. Cire masa ƙofa kawai. Sauro da idon mutane za su kore shi, ba sai ka ɓata bakinka ba."

"Ni da na ƙare rayuwata ina sa wa mutane ƙofa? Sayar da sabulunka, malam."

Amma ya yanke abin da zai yi. Duk ɗan hayar da zai tashi, Kafinta yakan shiga ya auna abin da ke son gyara. To, zai shiga ya auna, ya buga nan ya ƙwanƙwasa can, kullum, har zaman ya gundure su. Ba wai ya ji daɗin dabarar ba ne, amma haƙƙinsa ne, kuma zuciya ta ɗebe shi.

Da hantsi ya yi sallama, matar Direba ta buɗe masa tana sunkuyar da kai. Ya zaro tef, ya fara da taga. Yana juyowa idonsa ya faɗa kan bango. Wani dogon layi ne na dauɗa, daidai ƙugun mutum, ya taso daga ƙofar ɗakin Inna, ya bi falo, ya karya kwana, ya miƙe har banɗaki. Ba zanen yara ba ne, na yara ƙasa yake zama kuma ba ya tafiya a miƙe. Wannan fenti ne ya goge saboda hannu ɗaya da ke bin wuri ɗaya kullum. Ya dubi ƙofar. Gefenta ya yi sumul yana sheƙi, a wurin da ba mariƙi.

Sai ga Inna ta fito, tsaf da ita, hannunta na dama a kan layin nan.

"Kafinta ne? Ka zo korarmu ke nan?"

"Ina kwana, Inna. Awo na zo yi."

Ya ɗan matsa gefe ba tare da ya yi motsi mai ƙara ba. Inna ta ci gaba da zuba wa wurin da ya bari magana, tana nuna taga da yatsa tana cewa ita ba inda za ta. Nan Kafinta ya gane ba ta gani. Ya naɗe tef ɗinsa ya fita.

Matar Direba ta biyo shi waje, ta faɗa masa sauran da ƙaramar murya. Idon Inna ya daɗe yana tafiya, bara ya tafi gaba ɗaya, ta kuma hana a faɗa wa kowa. Da suka kai ta ganin sabon gida, ta yi tuntuɓe da dakalin bakin ƙofa, ta faɗi a gaban matan maƙwabta, har wata ta ce, "Ayya, ashe makauniya ce." Tun daga ranar ta rantse ba ta komawa.

Da yamma Kafinta ya tsare ƙofar gida. Direba na hango shi ya kai hannu aljihu.

"Bar wayar nan a inda take," in ji Kafinta. "Kai wane irin mutum ne? Kana da baki, ka bar ni ina shirin yin abin kunya a kan tsohuwa?"

Direba ya yi tsuru-tsuru. "Baba, cewa ta yi in na faɗa ba ta yafe min ba. In tashi, ta ƙi. In zauna, na ci amanarka. Wallahi ko barci ba na iya yi."

"Tashi kam za ka tashi, ban janye ba. Ba ni makullin can."

Kafin ya taɓa komai, sai da ya koma wurin Inna. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarmarta, ya ce mata ya sani.

"Wa ya gaya maka?" ta tambaya a fusace.

"Bango, Inna. Ba ruwan ɗanki."

Ya ba ta labarin malamar asibiti da yaranta da katifar da ta jiƙe, bai rage komai ba.

"Kana tsammani ba ni da tausayi ne?" in ji ta. "A gidan nan ni mutum ce. In tashi da kaina, in yi alwala da kaina, ba mai riƙe min hannu. A can kuwa kaya ce ni, sai an ɗauka an ajiye. Kai za ka yarda?"

"Ba zan yarda ba. Shi ya sa nake roƙon ki ba ni 'yan kwanaki. In na gama, ki je ki taɓa da hannunki. In bai yi miki ba, ki dawo ki zauna, ni kuma in je in gaya wa yarinyar nan cewa na yi magana biyu."

Ya san in ta kai ga haka ba zai ƙara ɗaga kai a unguwar nan ba. Amma ya san hannunsa.

"Ka ji da shi," in ji Inna. Ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Ya auna tsayin layin nan na bango daga ƙasa, ya auna gadonta da inda take ajiye buta. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa da ya daɗe a ƙarƙashin gado, ya hau mota zuwa ƙarshen gari. Mai wancan gidan ya so ya yi gardama, da ya ji aikin kyauta ne kuma zai bar masa gidan ya fi yadda ya same shi, sai ya ce a yi. Kafinta ya yi wa dakalin gangara ta katako. Ya fere siririn katako, ya goge shi har ya yi santsi, ya kafa shi a bango daidai tsayin da ya auna, daga ɗaki zuwa falo zuwa banɗaki. Ƙofar ɗakin can hagu take buɗewa, ta Inna kuwa dama. Ya dubi ƙofar, ya yi tsaki, ya ce wanda ya yi ta ma bai san aiki ba.

Washegari aka ga Baba Kafinta ya fito daga sashen Direba ɗauke da ƙofa a ka. Unguwa ta cika da 'yan kallo. Mai shago ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe dai ka ji shawarata!"

"Zo ka kama min, surutu ba ya ɗaukar kaya."

Bai tsaya yi wa kowa bayani ba. Matarsa ce kawai ta ce masa ya yi hankali da bayansa, shi ba yaro ba ne. Ya kai ƙofar, ya rage mata kaɗan a ƙasa, ya kafa ta tana buɗewa dama. Ya sa aka kai gadon Inna da tabarmarta da butarta, ya ajiye kowanne a inda hannunta zai neme shi.

Ranar da aka kawo ta, ya ce wa Direba ya tsaya a waje, ya kuma roƙi matan maƙwabta su shiga ɗakunansu. Inna ta sauko daga mota fuska a murtuke. Ƙafarta ta laluba inda dakalin yake, ta ji gangara, ta hau. Kafinta ya tsaya nesa, hannuwansa a baya. Hannunta ya sami katakon bango, ta bi shi a hankali har ya kai ta ƙofa. Ta shafa gefen da ya yi sumul. Ta tura, ƙofar ta buɗe dama, shiru, ba ƙara.

Ta daɗe a tsaye tana riƙe da ita.

"Wannan ƙofata ce," in ji ta. "Amma nan ba gidana ba ne. Kada ka ɗauka ka yi min wayo."

"Ban ɗauka ba, Inna."

Ta saki ƙofar, ta koma kan katakon, ta nufi falo. Can ta tsaya, yatsanta na shafa wuri ɗaya.

"Kafinta, nan ka yi ha'inci. Akwai tsagi."

"Da gangan na yi shi. In kin ji shi, ki juya dama, banɗaki ne."

Direba ya kasa haƙuri, ya shigo da sauri ya miƙa hannu zai riƙe ta. Ta doke hannun.

"Kauce min. Je ka kwaso sauran kayan, 'ya'yan mutane suna kwana a falon wasu."

Ta juya dama, ita kaɗai.