Aninin Kawu Sabo

Masana tarihi za su gaya muku cewa babban abin da ya faru a shekarar nan shi ne komawar soja bariki. Mu mutanen Fagge mun fi su sani: a shekarar ce Kawu Sabo, ƙanen mahaifiyata, ya yarda aka ɗauki hoton anininsa.

Duk wanda ya san marigayin ya san gilashin ƙara girman nan da ke rataye a wuyansa kamar laya. Ba ya karɓar abu sai ya duba gaba da baya, ko canji ne, ko goro, ko katin ɗaurin aure. Ran da aka rantsar da farar hula ana ta murna a Kantin Kwari, inda yake sayar da shadda, shi kuwa cewa ya yi, "Fuska ɗaya kuka gani. A juyo min bayan."

Gwangwanaye gare shi na tsofaffin kuɗi, su sule, sisi, fataka. Amma sarkinsu wani anini ne mai huda a tsakiya, na zamanin wani sarkin Ingila da bai daɗe a karaga ba. A ra'ayin Kawu, babu na biyunsa daga nan har bakin teku. Maƙwabcin rumfarsa Alhaji Modu, Babarbare, kullum sai ya tsokane shi: "Sabo, wa ya shaida? Kai ne mai kaya, kai ne alƙali!" Maganar nan ta tsaya masa a rai. Shaida yake so ido rufe, amma fa ba tare da aninin ya bar hannunsa ba.

Ina koyarwa a lokacin, na karanta cewa a Ingila akwai masana da ke duba tsohon kuɗi, su tabbatar ba jabu ba ne, su faɗi darajarsa, su rufe shi cikin roba da hatimi. Na kai masa labari.

"Su rufe? Wa ke riƙe makullin?"

"Kawu, ai babu makulli."

"To ka ga inda matsalar take."

Da ƙyar ya yarda a fara aika hoto. Muka tafi Sabon Gari wurin Oga Chinedu mai hoto, wanda Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle ya ce, "Baba, ajiye shi nan."

"In ajiye? Gaban na'urar da ban san abin da ke cikinta ba?"

"Haba Baba! Amare ke zuwa nan da gwal a wuya, ba wadda ta koma gida babu sarƙa."

"Su suka faɗa, ko kai kake faɗa?"

A hannunsa dai aka ɗauka. Hoto ya fito tas: babban yatsan Kawu, ga ɗan gefen anini yana leƙowa. Fim ɗin ma sai da ya karɓe ya ƙone a gabanmu, wai kada a buga wani aninin da shi.

Bayan watanni masana suka amsa cikin ladabi cewa ba a tantance kuɗi da hoto, a aiko da shi kansa. Na fassara masa. Ya jinjina kai. "Ka ji ɓarayi masu tarbiyya! Modu, zo ka ji! In ba shi da daraja, me Bature zai yi da shi?" Bai aika ba, kuma daga ranar tsaro ya ninka.

Ɗakinsa, wanda kakanmu ya rufa da kwano tun zamanin Turawa, ya soma yoyo. Matarsa Inna Balaraba ta kira kafinta, Kawu ya kore shi har da tsaninsa. "Ya hau sama ya ga inda nake ajiya? A kawo bokiti!" Damina bayan damina, haka suka zauna tsakanin bokitai.

Muna dariya yanzu, amma mutumin nan da bai yarda da kowa ba, kowa ya yarda da shi. Ɗakin yoyon nan zawarawan unguwa ke kai ajiyarsu, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Allah Ya jiƙan Kawu Sabo. Ranar da za a duba kowa gaba da baya, Allah Ya sa a same shi na gaske.

Bayan rasuwarsa aka kware rufin. Ashe kafintan da ya yi wa kakanmu rufin, kamar yadda ake yi a da don kada ruwa ya bi ramin ƙusa, ya sa wa kowace ƙusa anini. Duk irin na Kawu ne, har sunan sarkin.