Sanyin da ya kai mu Gaya

Na tsani kalmar nan "sanyi". Mace ta ji ƙaiƙayi, sanyi. Ta ga ruwa mai wari, sanyi. Ta ga jini ba lokacinsa ba, wai sanyin ne ya yi yawa. Da wannan kalma ake binne mu. Ƙanwata ta daɗe tana ɗirkar jiƙe-jiƙen mai lasifikar kasuwa, alhali ni da ita duk muna shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma malamar asibiti ta sha gaya mana irinmu sankarar bakin mahaifa ta fi saurin kamawa. Na ce ko ta bi ni a duba ta, ko in ɗauke ta cak.

Mun tashi da asuba daga Toranke a acaba ɗaya, ni a baya ina tokare da ita don kar ta sauya shawara. Ruwan da aka kwana yi ya mai da hanya kunu, gero kuwa ya yi kai har yana shafar mayafinmu. A Ajingi muka shiga mota, akuyar wani dattijo tana tauna mini jaka. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ɗora wa fetur laifi kamar kullum.

A Gaya na saya mata ƙosai mai zafi, ta kasa ci. Sai a ƙofar asibiti ta furta: "Yaya, an ce juya mahaifa suke yi."

"Wa ya ce? Mai lasifika?"

Na riga ta hawa gadon gwaji. Ni da na koyi karatu da furfura a ajin yaƙi da jahilci ba na kunyar tambaya, sai na ce wa malamar mene ne a kwalbar da ke hannunta. Ashe ruwan khal ne, irin na kwaɗon salak! A shafa a bakin mahaifa, a ɗan jira, a haska. Nawa lafiya lau. Na ƙanwata ya nuna farin tabo. Malamar ta ce bai zama sankara ba tukuna, amma ya kama hanya. Nan take aka ƙone shi da wata 'yar na'ura, ta ji murɗa irin ta al'ada. Aka ce ta ci gaba da shan maganinta, ta dawo a sake dubawa, kuma babu kwanciyar aure sai wurin ya warke.

A hanyar dawowa ta cinye ƙosan da ya huce, ta ce, "To wa zai iya kallon baban yara ya gaya masa wannan?"

Tafiyar nan ta koya mini cewa gwajin ba shi da wuya. Kunya ce mai wuya, ita ke komar da mace wurin mai lasifika.

Washegari kafin mijinta ya saɓa fartanya na tare shi a zaure. Na ce, "Ina kwana, Malam. Ajiye fartanyar nan, saƙon asibiti na kawo maka."