Gishiri a Goshin 'Yar Ƙanwata

Ƙanwata ta zo daga Kwandere da 'yarta a goye. Shekarar yarinyar biyu, amma jikinta bai fi na mai rarrafe ba. Tana ci sosai, sai dai abincin ba ya kama jikinta. Ga tari mai kauri da ya ƙi tafiya, ga kashi mai maiƙo da wari. An sha maganin tsutsa, an gwada tarin fuka, ba a ga komai ba.

A asibiti nan Lafia, wata likita ta tambayi ƙanwata, "In kin sumbace ta, kina jin gishiri?"

"Kullum, likita," in ji ta. "Na ɗauka zufa ce."

Aka tura mu babban asibiti gwajin zufa. Ashe cutar gado ce mai cika huhu da majina, ta hana abinci narkewa, ana kiranta sistik faiburosis. Da likitar ta ce ba sakacin uwa ba ne, ƙanwata ta fashe da kuka, don ta daɗe tana zargin kanta.

Ba a warkewa, amma mun koyi bubbuga mata ƙirji safe da yamma, da ba ta magani tare da abinci, kuma jikinta ya fara kamawa. Bana ta shiga firamare.